Ladan Salahu da Haƙora Ashirin da Huɗu

Wanda ya taso a ƙasar duwatsu, in aka nuna masa tudun Tokoin aka ce wannan ne ke kayar da maza a Lome, dariya zai yi har ya riƙe ciki. Ka haye tafki, hanya ta ɗan ɗaga kai, shi ke nan tudun. Amma a ba mai dariyar tsohon baƙin keke, a ɗaura masa rabin buhun shinkafa da wake a kariyar baya, a ƙara masa shekara hamsin da tara a gwiwa, sannan a ce bismillah, mu ga inda dariyar za ta tsaya.

Wannan tudu shi ya hana Salahu sakat. Salahu ɗan goro ne a Asigame, babbar kasuwar Lome, kuma shi ne ladanin masallacin Liman Abdulwahidu shekara ashirin da shida. A da ayyukan biyu ba sa faɗa da juna, don tsohon Zongo a tsakiyar gari yake, daga teburinsa zuwa masallaci ko goro guda ba ya gama taunawa. To, a shekarar saba'in da bakwai gwamnati ta turo motocin rusau suka share unguwar ƙaf, aka kwashi mutane aka zube su can arewa da gari, bayan Agoè, kilomita goma sha biyar. Ba wanda ya ce uffan a fili. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, ko tsaki mutum zai yi sai ya duba hagu da dama. Masallaci ya koma can, kasuwa ta tsaya nan, Salahu ya zama ɗan hanya.

Azahar da La'asar ya haƙura da su, duk wanda ke kusa ya kira. Amma Asuba da Magariba da Isha nasa ne, kuma a kansu ba ya wasa da kowa. Sabon Zongo ba wutar lantarki balle lasifika, murya ce kawai, mutum ya hau kan rabin durom da aka kife a ƙofar masallaci ya buɗe maƙogwaro. Salahu ya tsani durom ɗin nan. Kullum in zai hau sai ya harare shi.

Ba ya iya barin kasuwa da wuri, don masu dakon tashar jirgin ruwa sai bayan La'asar suke tashi aiki, su ne kuwa masu cin goronsa. In sun watse sai ya rufe teburi, ya ɗauko wa matarsa Haulatu kayan wake da shinkafar da take sayarwa da safe, ya kama hanya. Shekara biyu yana haka lafiya lau. A ta ukun ne tudu ya fara tambayarsa shekarunsa. Yakan miƙe tsaye a kan feda, ya danna, ya danna, jijiyar wuya ta fito, ya kai sama yana ganin duhu-duhu. Numfashin da ya bari a tudun nan ba ya dawo masa har ya isa gida, ƙirji na zafi, maƙogwaro a bushe.

Ran wata Litinin abin ya fito fili. Ya hau durom, ya yi kabbara, ya yi shahada, ya juya kai dama zai ce "Hayya alas salah", sai murya ta tsinke masa a tsakiya, tari ya biyo baya. Mata a cikin gidaje suka ji, masu alwala suka ji. Ya ƙarasa kiran da ƙyar, ƙasa-ƙasa. Ran Talata aka sake, a daidai wurin.

Bayan salla Liman Abdulwahidu ya riƙe hannunsa har jama'a suka ragu. Liman tsoho ne mai sanyin magana, irin sanyin da ya fi faɗa ciwo.

"Ladan, jiki fa ba ƙarfe ba ne. Ga Sabitu tela nan, shagonsa a jikin masallaci, muryarsa kuma ba laifi. Ko ka bar masa Magariba ka huta?"

"Allah gafarta Malam, mura ce."

"Murar da ba ta kamawa da Asuba?"

Salahu ya sunkuyar da kai.

"To shi ke nan," in ji Liman. "Mu gani zuwa Juma'a. In ta warke, alhamdu lillahi. In ba ta warke ba, kar ka sa na sake magana."

Tun daga nan Salahu ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga gida ya fito, ya duba tayar keke, ya koma ya zauna, ya miƙe. Haulatu ta ajiye masa tuwo ya ci loma uku ya ture. Abin da ke cin sa ya san shi sarai: wanda aka karɓe wa Magariba yau, gobe Isha za a karɓa, jibi a ce sanyin Asuba ba kyau ga tsoho. Daga nan ya zama Salahu mai goro kawai, mai zama a sahu na biyu. An rushe masa gida ya yi shiru, an rushe masallacin da ya yi ƙuruciya a ciki ya yi shiru. Kiran sallan nan shi kaɗai ya ɗauko daga tsohon Zongo bai fashe a hanya ba.

Sai dai akwai abin da bai gaya wa Liman ba. Kullum in ya bar kasuwa, ba ya miƙewa kai tsaye. Yakan karkata ya bi ta tsohon Zongo, inda yanzu aka kewaye da kwano, aka ce manyan benaye za a gina. Motocin rusau sun bar abu guda a wani lungu: matakala uku ta siminti, wadda yake hawa yana kiran salla a da. Ba masallaci, ba bango, matakala ce kawai a tsaye cikin ciyawa. Mai gadin wurin, wani dogo mai suna Hamidou, yakan ɗaga masa kwano ya shiga, shi kuma ya miƙa masa goro biyu. Sai ya hau mataki na uku ya tsaya, ya bi fili da ido yana mayar da kowane gida mazauninsa: nan gidan Audu mahauci, nan rijiya, nan Asibi ke suyar ƙosai, nan aka haifi 'yarsa Huseina. Ba ya daɗewa a ganinsa. In ya gama zagaya unguwar da ido sai ya sauko.

Ran Laraba da hantsi ya bar teburi a hannun maƙwabcinsa ya tura keke wurin Alassani, mai gyaran keke a gindin mangwaro kusa da layin dogo. Alassani Bakotokole ne, amma Hausar Zongo a bakinsa ta fi ta wasu 'ya'yan Hausawan, kuma ba ya gyara keke sai ya haɗa da gyara mai shi.

"Baba Ladan, keken nan lafiyarsa ƙalau. Injin ne ya tsufa."

"Wane inji?"

"Wanda ke zama a kan sirdi."

"Kai, Alassani, ban zo wasa ba. Tudun Tokoin zai raba ni da aikina."

Alassani ya tsuguna, ya ɗora yatsa a kan ɗan ƙaramin faranti mai haƙora da sarƙa ke ja a tayar baya. "Ka ga wannan? Pinyo ke nan. Naka haƙora goma sha takwas. In aka sa mai haƙora da yawa, feda za ta yi laushi, ka hau tudu a zaune kana waƙa. Bon, to, ina da mai ashirin, ina da mai ashirin da biyu."

"Wancan fa, na jikin ƙusa?"

"Wancan ashirin da huɗu ne, daga keken mai tura kaya na cire. Ya yi maka yawa, Baba."

"Shi za ka sa."

"Dusuma, a hankali, Baba Ladan, ka ji ni tukuna. Ba a samun abu biyu. Tudu zai yi sauƙi, amma a shimfiɗaɗɗiyar hanya ƙafa za ta yi ta juyawa keke na tafiyar hawainiya. Daga Tokoin zuwa Zongo kuwa ai duk shimfiɗa ce."

"Shimfiɗa ba ta taɓa yi mini komai ba. Sa shi."

Alassani ya ɗaga kafaɗa. Ya kwance taya, ya buge tsohon pinyo da guduma da ƙusa, ya murɗa sabon, ya ƙara wa sarƙa gaɓoɓi don ta kai. Duk tsawon aikin Salahu na tsaye a kansa, ya zagaya nan ya zagaya can, yana tambayar ko an kusa, har Alassani ya ce in bai zauna ba zai ɗaure shi a jikin mangwaron. Da aka gama ya miƙa masa tsohon pinyon a takarda. "Wala, ga shi, ajiye. Za ka dawo nemansa."

Da yamma, bayan masu dako sun watse, Salahu ya ɗaure kaya, ya bi ta tsohon Zongo kamar kullum, ya ba Hamidou goronsa, ya hau matakala ya sauko. Sannan ya nufi tudu. A gindin tudun ma wasu matasan jam'iyya masu riguna iri ɗaya suna gwajin rawa da waƙar yabo, sun cinye rabin titi, dole ya rage gudu, ba ko ɗan zabura da zai hau da ita.

Sai ga abin mamaki. Ya danna feda ta tafi salin-alin. Ya sake dannawa. Bai miƙe tsaye ba, bai ciji leɓe ba, keke na hawa da shinkafarsa da wakensa kamar an sa hannu ana tura shi ta baya. Wani saurayi da ya sauka yana tura nasa ya bi shi da kallo baki buɗe. Salahu ya kai sama numfashinsa cif, har ya gwada muryarsa a hankali ya ji ta fito tas. Daɗi ya kama shi, ya yi dariya shi kaɗai, ya sa wa Alassani albarka da uwarsa da ubansa.

To, Salahu ba shi da agogo, bai kuma taɓa bukatarsa ba. Da wuridi yake auna hanya. Carbinsa na rataye a kan kan keke, kowane juyin feda kalma guda, babban yatsa na tura ƙwaya. Istigfari dubu yakan kai shi wajen jami'a. Tasbihi dubu ya kai shi bayan Agbalépédo. Hailala kuwa ba ya cika dubunta sai ya ga rufin masallaci, ragowar ya ƙarasa yana alwala. Shekara uku ƙafarsa da harshensa tafiya ɗaya suke yi, ba mai wuce wani.

Yau istigfari ya ƙare, ya ɗaga kai bai ga jami'a ba. Ya ce ko ya yi tsallake a ƙirga. Tasbihi ya ƙare, ko ƙofar Agbalépédo bai kai ba. Ya dubi rana, ta yi ƙasa ta yi ja. Ya ƙara wa ƙafa sauri, feda na juyawa fir-fir-fir ba nauyi, gwiwoyi na tashi sama kamar mai taka keken ɗinki, amma bishiyoyin bakin hanya ba su ƙara saurin wucewa ba. Da ya matsa sosai sai haki ya fara dawowa, ga shi kuwa hakin ne ya kai shi wurin Alassani. Ya rage. Ya ƙara. Ya rage. Masu keken da ya saba wucewa suna wuce shi suna "Sannu, Baba Ladan!" Hailala dubu ta cika cif a kasuwar Agoè, sauran hanya na nan shimfiɗe a gabansa.

Yana hango rufin kwanon Zongo ya ji ta. "Allahu akbar, Allahu akbar." Muryar Sabitu ce, siririya, mai tsafta, ba laifi kamar yadda Liman ya faɗa. Salahu ya sauke ƙafa a bakin hanya. Ƙirjinsa cike da iska, rabon da ya iso da irin wannan numfashi an yi watanni, ga shi ba inda zai kai shi. Da Sabitu ya ce "Hayya alas salah", leɓunan Salahu suka amsa da kansu, "La haula wa la ƙuwwata illa billah", yadda kowane mai saurare ke amsawa. Ya sake hawa keke ya ƙarasa. Ya samu raka'a ta biyu, a sahun baya, kusa da takalma. Liman ya dube shi sau ɗaya.

Da gari ya waye, bayan ya kira Asuba, ya fito da tsohon pinyo daga takarda ya ajiye a kan tabarma yana kallo. Ya ɗauka, ya ajiye. In ya mayar da shi zai iso da lokaci ba murya. In ya bar sabon zai iso da murya ba lokaci. Ya lissafa mai ashirin, ya lissafa mai ashirin da biyu, ya ga rabin ciwo biyu ne kawai zai haɗa wa kansa. Haulatu na bakin murhu tana juya tukunya, tana jin duk ƙunƙuninsa.

"Malam, in tambaye ka mana."

"Ina ji."

"Ka ce daga kasuwa zuwa gida wuridi dubu uku ne ba kaɗan."

"Haka yake a da."

"To ciyawar nan mai maƙalewa da nake cirewa a ƙafar wandonka kullum, a Asigame take fitowa ko a kan kwalta?"

Salahu ya dubi ƙafar wandonsa.

"Ni ma a can na haifi Huseina," in ji ta, ba ta juyo ba. "Uwata daga can aka ɗauke ta zuwa makwancinta. Kana tsammani ba na son in gani? Tun da aka ɗora mu a mota ban koma ba, don na san in na je sau ɗaya kullum zan je. Ka canja wa keke haƙora, ka zagi tudu, ka hana kanka barci. Lokacin da kake nema yana can kan matakalar nan, kai kake kai shi da hannunka."

"Ba na daɗewa."

"Kana gaida gida nawa?"

Ya fara ƙirgawa a zuci, ya kai arba'in bai gama layin rijiya ba, sai ya bari. Haushinta ya kama shi, irin haushin da ake ji in mutum ya faɗi gaskiya da sassafe. Ya ɗaure kwandon goro ya fita ko karyawa bai yi ba.

Ranar nan, Alhamis, kasuwa ba ta yi masa daɗi ba. Ya yayyafa wa goro ruwa sau biyar, ya jera farare ya rushe ya sake jerawa, ya ba wani ja alhali fari ya tambaya. Sau biyu ya tashi zai je wurin Alassani, tsohon pinyon na aljihunsa, sau biyu ya dawo ya zauna. Gobe Juma'a. Yau ce ta rage masa, ya sani.

Masu dako suka zo suka tafi. Ya rufe teburi, ya ɗaure shinkafa, ya ware goro biyu ya sa a aljihun gaba kamar kullum, hannu ne ya yi ba shi ba. Ya hau ya fara istigfari.

Mararrabar tsohon Zongo ba nisa. Tun daga nesa ya hango Hamidou tsaye a jikin shingen, har ya riga ya ɗaga kwanon yana jiransa. Ta kafar ana ganin matakalar, rana ta haske mataki na uku. Keken da kansa ya fara karkata, don shekara uku nan yake bi. Salahu ya ƙara riƙe kan keken. Ya ce a ransa, minti ɗaya, in hau in sauko, ba sai na gaida kowa ba. Ya kuma san ƙarya yake yi.

"Baba Ladan! Ga hanya!"

Ya zaro goron nan biyu ya cilla. Hamidou ya saki kwano ya cafe, kwanon ya koma ya rufe da ƙara. Salahu bai waiwaya ba. Ya ci gaba da juya feda, ƙirgen istigfari ya ɓace masa, ya sake daga farko, hawaye na gangarowa cikin gemu bai share ba don hannu ɗaya na kan birki ɗaya na kan carbi. Ya hau tudun Tokoin a zaune. A shimfiɗa ya bar ƙafa ta yi tafiyarta da harshe, duk wanda ya wuce shi ya wuce. Hailala dubu ta ƙare a Agoè, ya ɗora wata.

Ya iso rana na dab da faɗuwa. Sabitu ya riga ya yi alwala yana tsaye kusa da durom, da ya gan shi sai ya ja baya ya ce, "Sannu da hanya, Baba." Liman na zaune a ƙofa da carbinsa. Salahu ya jingine keke da kayansa, ya yi alwala a natse, ya zo gaban durom. Yau bai harare shi ba, ya hau kawai.

Ya fuskanci alƙibla ya yi kabbara, murya ta fita cikakkiya har awaki suka ɗaga kai. Ya yi shahada. Sannan ya juya kai dama, wajen kudu, wajen teku, inda gidan Audu yake da rijiya da matakala uku, ya ce "Hayya alas salah", ya ja ta har ƙarshe ba ta tsinke ba. Ba kowa a wancan gefen sai ciyawa da hanyar da ya biyo. Ya juyo hagu. Ga mutane na fitowa daga gidajen kwano da butoci a hannu, ga Haulatu a bakin ƙofarta ta dakata da tankaɗe. Ya cika ƙirji ya kira su.